Jinjina Ga Masu Riƙon Asusun Haɗaka, Amma Da Sauran Rina A Kaba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, duk mai ɗan abin da ya tara a Najeriya ya daina barci da ido biyu rufe. Mako biyu bayan nan Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa naira 460 da 'yan kai ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a shekarar 2024. A Disambar wannan shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, abin da rabon da a ga irinsa tun zamanin Abacha. Mutumin da ya bar naira miliyan ɗaya a asusun ajiya bai taɓa ko kwabo ba, lambar tana nan yadda ya bar ta, amma abin da za ta iya sayo masa a kasuwa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku a cikin shekara ɗaya da rabi.

Sai jama'a suka bazama neman mafaka. Wasu suka nufi kasuwar canji ta Wapa suka sayi dala. Waɗanda suka saya a Fabrairun 2024, lokacin da ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, sun wayi gari a Afrilu ta faɗo kusa da 1,100 kafin ta sake miƙewa, kuma da yawansu tsoro ya sa sun sayar tana ƙasa. Wasu suka juye kuɗinsu a masara da gero da shinkafa, suka cika sito-sito a Dawanau suna jiran bazara. Gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba tare da haraji ba na kwana 150 a tsakiyar 2024, amfanin gona ya shigo kasuwa, farashi ya karye a 2025, mutane da dama ba su fitar da ko uwar kuɗinsu ba. Waɗanda suka fi ba ni tausayi kuwa su ne waɗanda suka faɗa hannun CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana talatin, ta kuma rufe a Afrilun 2025 da dukiyar bayin Allah. Kafin ita an yi MMM, wadda ta daskarar da kuɗin miliyoyin 'yan Najeriya a Disambar 2016. Shekara tara ba ta cika ba aka sake maimaita darasin, da sababbin ɗalibai da wasu tsofaffin.

A cikin wannan ruɗani akwai wasu mutane da suka karɓi kuɗin jama'a, suka juya shi a fili, suka riƙa bayyana darajarsa kullum, kuma duk wanda ya ce a ba shi abinsa suka ba shi cikin 'yan kwanaki. Su ne masu riƙon asusun zuba jari na haɗaka da ke da rajista da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC. Ba a buga musu ganga, ba a kuma yi musu kirari a gidan biki. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma a ƙasar da riƙon amana ya yi tsada, wanda ya riƙe ta a irin wannan lokaci ya cancanci a ambace shi.

Ga wanda bai san abin ba, ya tuna da adashi. Mutane da yawa suna zubi, kowa gwargwadon ƙarfinsa, sai dai a nan ba wanda ke kwasa bi da bi. Kuɗin gaba ɗaya ake haɗawa a ba ƙwararre ya sayi hannayen jarin kamfanoni, ko takardun bashin gwamnati, ko sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, sannan a raba asusun zuwa ƙananan kaso, kowa ya mallaki adadin da kuɗinsa ya saya. In abin da aka saya ya yi daraja, kason kowa ya yi daraja. In ya faɗi, kowa ya ji a jikinsa. Babban abin da ya raba shi da uwar adashi shi ne kuɗin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Manaja shi ke yanke shawarar abin da za a saya, amma dukiyar tana wurin wani banki dabam da aka ɗora wa ajiyarta. Akwai kuma kamfanin amintattu da ke tsaye a madadin masu zubi, ido a kan manaja, ga masu binciken kuɗi duk shekara, ga SEC a saman kowa. Wannan rarraba hannu shi ne dalilin da ya sa manaja ba zai wayi gari ya kashe waya ya tsallake iyaka da jakar mutane ba. Kuma yau da naira 5,000 ko 10,000 ana shiga yawancin waɗannan asusu, daga wayar hannu, ba sai an san wani ba.

Domin a gane nauyin abin da suka yi, sai an koma 2008. Bayan rasuwar mijin wata gwaggota, da aka zo rabon gado, aka buɗe adakarsa aka tarar da wasu takardu masu ƙyalli an naɗe su a leda tare da takardar gona. Shaidar hannun jari ce ta bankuna. Ya saye su ne a shekarun da gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25, tsakanin 2004 da 2005, da kuma 'yan shekarun da suka biyo baya, lokacin da ma'aikatan banki ke bin kasuwa shago-shago da fom a hannu. Wasu daga cikin bankunan da ke jikin takardun ma sunansu ya ɓace, an haɗe su da wasu. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan kuɗi ne ko takarda ce kawai?" Na ce, "Gwaggo, sai an bincika." Ta mayar da ita cikin ledar ta ce, "Malam ya sha faɗa, da ya sani shanu ya saya."

Irin wannan leda tana nan a gidaje da yawa a Kano da Zariya da Sakkwato da Gombe. A Maris ɗin 2008 ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan nan yana wajen 20,000. Mutanen da bankuna suka ba bashi don su sayi hannun jari suka rasa jarin, bashin kuma yana wuyansu. Sai a Agustan 2023, bayan shekara goma sha biyar, ma'aunin ya sake taka inda ya taɓa kaiwa. Wanda ya ga mahaifinsa ya yi wannan asara ba za a zarge shi ba in ya ji an ambaci hannun jari ya kau da kai.

A wannan shekara ta 2008, kasuwa na rugujewa, kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa a 2004, ya ƙaddamar da asusunsa na halal. Ba lokacin da ya fi wannan muni ga mai son fara irin wannan harka, kuma a lokacin babu bankin Musulunci ko ɗaya a ƙasar, domin Jaiz sai a 2012 ya buɗe ƙofa. Babu sukuk, babu ma'aunin da zai nuna wane kamfani ya dace da shari'a. Sai da aka zauna aka tace kamfanonin da ke kasuwa ɗaya bayan ɗaya: a cire masu giya da caca da taba, a cire bankunan da ke cin kuɗin ruwa, a duba wanda bashin ruwa ya yi masa katutu a ajiye shi gefe, a kuma lissafa ɗan abin da ya gauraya da haram cikin ribar waɗanda suka tsallake a fitar da shi sadaka. A 2012 kasuwar ta samu ma'aunin hannayen jari na Musulunci da aka yi da haɗin gwiwar Lotus. Daga baya wasu suka biyo sahu, Stanbic IBTC da asusunsa na Imaan, United Capital da asusun sukuk, FBNQuest da asusun halal, da sauransu. A 2021 hukumar fansho PenCom ta buɗe wa ma'aikata asusu na shida, wanda ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Ma'aikacin da shekara da shekaru zuciyarsa ke ɗar-ɗar da inda ake juya kuɗin fanshonsa ya samu zaɓi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da yake son dukiyarsa ta ƙaru amma ba ya son ya ci abin da zai tsaya masa a maƙogwaro ranar gobe.

Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, a ƙarƙashin Patience Oniha, shi ma yana da kaso a wannan jinjina. Jihar Osun ce ta fara fitar da sukuk a 2013 don gina makarantu. A Satumbar 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko, naira biliyan 100 na shekara bakwai, aka raba kuɗin daidai wa daida ga shiyyoyi shida don ayyukan tituna 25. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan sukuk a bakin titi. An sha surutu a lokacin, wasu suna cewa yunƙurin musuluntar da ƙasa ne. DMO ba ta ja da baya ba, ta yi bayani, ta ci gaba. Aka biya masu sukuk ɗin farko hayarsu duk wata shida, wa'adi ya cika a 2024 aka mayar musu da uwar kuɗinsu. A Mayun 2025 da aka nemi naira biliyan 300, buƙatun da suka shigo sun haura tiriliyan 2. Ba don wannan sukuk ba, da asusun halal masu neman kuɗin shiga tsayayye ba su da ƙashin bayan da za su jingina da shi.

SEC ma ta yi abin a yaba. Kowane mako tana wallafa darajar duk asusun da ke ƙarƙashinta, kowa yana iya dubawa. Alƙalumanta sun nuna dukiyar da ke cikin waɗannan asusu ta haura naira tiriliyan 3 a ƙarshen 2024, ta kuma ci gaba da hawa a 2025. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma da tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu kafa irin su MMM. An daɗe ana jiran doka mai haƙori irin wannan.

To, a nan yabon ya tsaya, domin akwai bashin da ke wuyanku, ku masu riƙon asusun nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Bashi na farko shi ne gaskiya game da riba. Mafi yawan kuɗin da ya kwararo muku ya shiga asusun kasuwar kuɗi ne, wanda ke sayen takardun baitulmali na gajeren zango da makamantansu. Dalilin a bayyane yake. Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024 don ya taka wa hauhawar farashi birki, sai ribar waɗannan asusu ta haura kashi 20. Tallace-tallace suka cika waya, lambar 20 ko 22 an rubuta ta da manyan baƙaƙe. Abin da ba a rubuta ba shi ne a daidai wannan lokaci farashin kaya yana hawa da kashi 30 da wani abu. Wanda ya sa miliyan ɗaya ya samu miliyan ɗaya da dubu 200 bayan shekara, amma kayan da miliyan ɗaya ke saya bara yanzu sai da miliyan ɗaya da dubu 340. Ya fi wanda ya bar kuɗinsa a asusun ajiya nesa ba kusa ba, ba musu. Amma riba bai ci ba, asara ya rage. Ya kamata a faɗa masa haka da baki, kafin ya yi lissafin aurar da 'yarsa a kan ribar da ba ta nan. Haka kuma ladan da manaja ke cira duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Kashi ɗaya da rabi a ido kaɗan ne, amma naira 15,000 ne a kan kowace miliyan, kowace shekara, kuma da yawa daga masu zubi ba su san ana cire shi ba, don yana can shafi na ashirin da wani abu cikin takardar da ba wanda ya karanta musu.

Masu asusun halal kuwa nauyinsu ya fi haka, domin da sunan addini mutane ke amince musu. Na sha jin mutum ya ce, "Ai na Musulunci ne, ba a asara." Wannan magana tana da haɗari, kuma ba ta dace da shari'ar da ake jinginawa gare ta ba. Asalin mudaraba shi ne mai dukiya ya yarda da riba ya kuma yarda da faɗuwa, shi ya sa ma ribar ta halatta. Tace kamfanoni yana tsare mutum daga haram, ba ya tsare shi daga kasuwa. Hasali ma yana da nasa tsada. A 2023, da naira ta faɗi, manyan bankuna sun ci ƙazamar riba daga dalolin da ke hannunsu, alhali kamfanoni irin su MTN Najeriya, masu bashin dala a wuya, suka bayyana asarar biliyoyi a 2023 da 2024. Asusun da ya haramta wa kansa bankuna dole ya taru a kan siminti da sadarwa da abinci da manja, kuma duk abin da ya taɓa waɗannan ya taɓa shi sosai. Mai zubi ya cancanci ya san wannan tun ranar farko. Ya cancanci ya san cewa Hukumar NDIC, wadda ke inshorar ajiyar banki har naira miliyan 5, ba ta inshorar asusun haɗaka. In bai sani ba, ranar da darajar kasonsa ta sauka zai ce an cuce shi, ya je ya faɗa a majalisa, kuma za ku rasa unguwa guda saboda bayanin minti biyar da ba a yi ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Ina kuke a Arewa? Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, masu zubi a dukan waɗannan asusu ana maganar kusan miliyan ɗaya ne, kuma ba sai an yi dogon bincike ba a san inda mafi yawansu suke. Ofisoshinku suna Ikko, kaɗan a Abuja. Manhajojinku da Turanci suke, takardunku da Turancin lauyoyi. Asusun halal, waɗanda a hankalce nan ne babbar kasuwarsu, har yanzu ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai na dukiyar da ke cikin harkar. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna kusan rabin baligai a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. Kada wani ya ce talauci ne kaɗai. Wanda ya san kuɗin da ke juyawa a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, ko a kasuwar shanu ta Potiskum da Maigatari, ya san akwai dukiya. Akwai zinaren da mata suka adana, akwai kuɗin sallama na malaman makaranta da suka yi ritaya, wanda sau da yawa a kan Keke Napep ɗaya ko biyu yake ƙarewa, a ba yaro, bayan shekara biyu a dawo da ƙarfe.

Masu damfara ba su yi wannan kasala ba. Da Hausa suke magana. Suna zuwa har zaure, suna samun wanda ake ganin girmansa a unguwa su sa shi gaba, su buɗe rukunin WhatsApp, su biya mutum biyu-uku na farko a gaban jama'a. Mai gaskiya yana zaune a ofis mai sanyi yana jiran a sauke manhajarsa, maƙaryaci yana cin tuwo da mutane. Ba za a ci wannan yaƙi da gargaɗin da ake bugawa a jaridun Turanci bayan ɓarna ta auku ba. Gidajen rediyo suna nan, kuma Bahaushe har gobe da rediyo yake karin kumallo. A sayi fili na rabin awa duk mako, a kawo manaja da malamin fiƙihu, a buɗe waya mutane su yi tambayar da ke ransu, har da mai zafi. A fassara takardar kowane asusu zuwa shafi biyu na Hausa mai sauƙi, a yi ta da ajami ma ga wanda shi ya iya. Masu POS sun shiga kowane lungu cikin 'yan shekaru, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, abin da ke nuna in hanya ta zo kusa mutanenmu ba sa gudunta. SEC kuma ta samar da lamba gajeriya da mai ƙaramar waya zai danna ya ga ko kamfanin da ke zawarcin kuɗinsa yana da rajista. Rajistar kamfani da hukumar CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, kuma da wannan takarda ake yaudarar mutane da yawa.

Akwai abu biyu da duk Bahaushen da za ka yi wa tallar jari zai tambaya, ko a fili ko a zuci: zakka da gado. Yaya zan fitar da ɗaya bisa arba'in daga abin da ba na gani, wanda darajarsa ke canzawa kullum? Kowane asusun halal yana da malaman da ke ba shi shawara. Me zai hana su riƙa fitar da lissafi sau ɗaya a shekara, su ce ga abin da ya hau kan kowane kaso, ga hujjarmu? Gado kuwa, abin da muka sha kafin a gano makomar takardun mijin gwaggota ya ishe ni darasi: takardar kotu, rantsuwa, sa hannun da bai yi daidai da na shekara ashirin baya ba, wasiƙa zuwa Ikko da ba a amsawa. Ba mamaki ribar hannun jari da ba a karɓa ba a ƙasar nan ta taru ta haura naira biliyan 100. Mutumin da yake da mata biyu da 'ya'ya goma sha biyar ba zai sa dukiyarsa inda yake tsoron marayunsa ba za su iya cirowa ba. Ku zauna da kotunan shari'a ku tsara hanya gajeriya, sananniya, ku faɗa wa mai zubi ita tun ranar da yake cike fom.

DMO da Babban Banki su ma da saura. Takardun baitulmali na kwana 91 da 182 da 364 ana gwanjonsu a kai a kai, shi ya sa asusun kasuwar kuɗi ke da inda zai ajiye kuɗin da za a iya nema gobe. Sukuk kuwa na shekara bakwai ne ko goma, ba kullum ake fitarwa ba, wanda ya samu kuma ya ƙanƙame. Asusun halal da ke son ya biya mai zubi cikin kwana biyu yana aiki ne da hannu ɗaya a ɗaure. Bahrain ta daɗe tana fitar da sukuk na wata uku, Gambiya ma, ƙaramar ƙasa a nan yammacin Afirka, Babban Bankinta yana yi. Buƙatar tiriliyan 2 a kan tayin biliyan 300 ta isa shaida cewa masu saye suna nan.

Game da abin da ke tafe, ba wanda ya san gaibu sai Allah, kuma duk manajan da ya yi magana kamar ya sani a guje shi. Amma akwai alamun da ake iya karantawa. A Janairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya tsarin lissafinta, hauhawar farashi ta koma kashi 24 da ɗoriya, ta kuma yi ta sauka cikin shekarar har ta faɗo ƙasa da 20. A 2025 ɗin naira ta ɗan natsu a wajen 1,500. A Satumbar 2025 Babban Banki ya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 27, ragi na farko tun 2020. In aka ci gaba a haka, ribar kashi 20 da wani abu da ta jawo mutane asusun kasuwar kuɗi za ta yi ta raguwa, kuma wannan ba laifin manaja ba ne, ba kuma lalle sharri ba ne, domin riba 15 a lokacin da kaya ke hawa da 12 ta fi riba 22 a lokacin da suke hawa da 34. Sai dai wanda ba a yi wa bayani ba zai ga lambar ta sauka ya cire kuɗinsa, kuma a bakin ƙofa zai tarar da mai yi masa alkawarin ninki.

Kasuwar hannayen jari ita ma ta yi shekaru tana hawa. Ta ƙaru da kusan kashi 46 a 2023, da kusan 38 a 2024, shekarar da ma'auninta ya haura maki 100,000 a karon farko, ta kuma ƙara gaba a 2025. Lokacin da kowa ke murna shi ne lokacin da sababbin shiga ke tururuwa, kuma haka aka yi a 2007. Ban ce faɗuwa na nan tafe ba, kamfanoni da yawa ribar gaske suke ci. Amma abubuwan da za su iya juya lamarin sanannu ne. An gina kasafin 2025 a kan gangar mai dala 75, farashin kuwa ya shafe watanni a wannan shekarar yana ƙasa da haka. Wani ɓangare na natsuwar naira ya dogara da kuɗin baƙi da suka shigo don cin ribar takardun gwamnati, kuma irin wannan kuɗi ba ya sallama in zai fita. Harajin da Shugaba Trump na Amurka ya ƙaƙaba wa ƙasashe a Afrilun 2025 ya girgiza kasuwannin duniya cikin 'yan kwanaki. A gida kuma ga zaɓen 2027, lokacin da gwamnatoci ke sakin kuɗi, ga rashin tsaro da ke hana manomi zuwa gonarsa a Zamfara da Katsina da Neja, wanda kai tsaye yake komawa kan farashin kwanon abinci.

A irin wannan yanayi aikin manaja na ƙwarai shi ne ya tambayi mutum kafin ya karɓi kuɗinsa: Alhaji, yaushe za ka buƙaci kuɗin nan? Hajiya, in ya ragu da kashi goma a wata shida, za ki iya haƙuri? Kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa da kuɗin hayar shago ba na asusun hannayen jari ba ne, ko da kuwa kasuwa tana tashi kamar ba gobe. Mai tara kuɗin aikin Hajji na shekara uku masu zuwa lissafinsa dabam ne, domin kujerar tana bin dala da riyal. Matashin da ya fara aiki, mai shekara ashirin a gabansa, shi ne zai iya jure hawa da saukar kasuwa, yana zuba kaɗan-kaɗan duk wata ba tare da duba farashi kullum ba. Wani ma amsar da ta dace da shi ita ce ya fara biyan bashin da ke kansa tukuna, ya dawo baɗi. Ma'aikacin da aka ɗora wa adadin kuɗin da dole ya kawo kafin ƙarshen wata ba zai taɓa faɗa wa mutum haka ba, don haka gyaran daga shugabannin kamfanonin zai fara, su daina auna yaransu da yawan abin da suka shigo da shi kaɗai, su riƙa duba mutum nawa ne daga cikin waɗanda suka kawo ke nan bayan shekara uku.